Lafazin Saki a Bakin Bahaushe da Hukuncinsa a Gaban Alƙali

1.0 Gabatarwa

Aure a ƙasar Hausa ba ya ƙulluwa sai an yi taro. Sai waliyyi da wakili sun zauna, an ambaci sadaki, shaidu sun ji, an shafa fatiha, an raba goro. Amma warwarewarsa ba ta bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kalmomi uku daga bakin miji, a cikin ɗaki, ba da jin kowa ba sai matar, sun isa su datse igiyar da dangi biyu suka taru suka ƙulla. Saboda haka idan rigimar saki ta zo gaban alƙali, abin da yake fara nema shi ne ainihin maganar da aka furta: me aka ce, sau nawa aka ce, da wace niyya, kuma wa ya ji.

Littattafan da alƙali yake dogara da su da Larabci aka rubuta su, kuma lafuzzan da suka yanke wa hukunci lafuzzan Larabawa ne. Magidancin Goron Dutse kuwa da Hausa yake sakin matarsa. Wannan maƙala za ta duba yadda ake auna maganar Hausa da ma'aunin fiƙihun Malikiyya, da tambayoyin da jama'a suka fi yawan yi game da saki, da kuma wuraren da al'ada ta saɓa wa shari'a. Manufar ita ce a nuna cewa babban kaso na rigimar saki rigimar harshe ce, kuma mace ce ta fi cutuwa idan aka kasa tabbatar da abin da aka faɗa.

2.0 Goron Dutse da kotunan aure

Goron Dutse ɗaya ne daga cikin duwatsu biyu da ke cikin ganuwar birnin Kano, ɗayan shi ne Dala. Yana yammacin birni, kuma da sunansa ake kiran unguwar da ke gindinsa. An san unguwar da gidan yari, da gidan marigayi Shaihu Isyaka Rabi'u wanda ya rasu a 2018, akwai kuma kotun shari'ar Musulunci a cikinta. Kamar sauran unguwannin birni, rigimar aure ba ta fara zuwa kotu. Takan bi ta hannun iyaye da waliyyai, daga nan mai unguwa ko limami, wani lokaci kuma ofishin Hisba. Sai sulhu ya faskara sannan ake yankar sammaci.

Mazhabar Imam Malik ita ce Kano take bi tun da daɗewa. Shaihu Magili ya zauna a birnin a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), ya rubuta masa nasiha a kan mulki da shari'a. Littattafan da alƙalai suka fi riƙo da su uku ne: Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da Muhtasar na Shaihu Halilu na Masar, da Tuhfa ta Ibn Asim na Andalus. Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su taɓa hukuncin aure da saki ba, sai dai sun sa kotunan alƙalai ƙarƙashin dokar kotunan gargajiya ta 1906. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano da malamai daga Sudan domin horar da alƙalai, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa. Tsakanin 1967 da 1968 aka raba kotuna da En'e, aka soke kotunan sarakuna, aka kafa kotunan yanki. A 2000 kuma Jihar Kano ta yi dokar da ta kafa kotunan shari'ar Musulunci.

A bisa wannan tsari, ƙarar saki tana farawa daga kotun shari'a, ta hau zuwa babbar kotun shari'a, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jiha wadda Alƙalin Alƙalai yake shugabanta. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 shi ya ba ta hurumi a kan aure da saki da riƙon 'ya'ya da gado. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da Kotun Ƙoli. Dokar rabuwar aure ta 1970, wadda Babbar Kotun Jiha take aiki da ita, ta shafi auren rajista ne kawai, ba ta hau kan auren da aka ɗaura a bisa shari'ar Musulunci ba. A da an hana lauyoyi tsayawa a kotunan alƙalai, amma bayan Tsarin Mulkin 1979 manyan kotuna sun yanke cewa hanin ba shi da tushe.

Abin lura a nan shi ne tafiyar da kalma ɗaya take yi. Da Hausa aka furta ta, da Hausa aka maimaita ta a gaban alƙali aka rubuta, da Larabci aka nemo hukuncinta, idan kuma ƙara ta kai kotunan tarayya sai an juya ta zuwa Turanci. A kowane zango ma'ana tana iya raguwa ko ta ƙaru.

3.0 Rabe-raben lafazin saki a fiƙihu

Malaman Malikiyya sun kasa lafazin saki kashi uku.

(a) Sarihi, watau bayyanannen lafazi wanda ba ya ɗaukar wata ma'ana sai saki. Wannan yana aukuwa ko da miji ya ce wasa yake yi. Saki ɗaya ne, sai fa idan ya ambaci fiye da haka ko ya nufa.

(b) Kinaya bayyananniya, watau maganar da asalinta ba saki take nufi ba, amma al'ada ta mayar da ita ta saki, kamar Balarabe ya ce wa matarsa ya jefa mata akalarta a kan tozonta. Ita ma tana aukuwa ba tare da an dogara da niyya ba, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan lafuzza littattafai sun lissafa su a saki uku ga matar da aka tare da ita.

(c) Kinaya ɓoyayya, kamar a ce wa mace ta tashi ta tafi. A nan niyyar miji ake tambaya, a kan sakin da kuma adadinsa.

Shihabuddin Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya yi wani gargaɗi mai muhimmanci a kan kashi na biyu. Ya bayyana cewa hukuncin da magabata suka ba waɗannan lafuzza a kan al'adar zamaninsu suka gina shi, don haka idan al'ada ta sauya hukunci ma ya sauya, kuma bai halatta mai fatawa ya amsa wa baƙo ba sai ya tambayi yadda mutanen garinsu suke amfani da kalmar. Ma'anar wannan ita ce, alƙalin Kano ba zai wadatu da sanin Muhtasar ba, sai ya haɗa da sanin Hausar Kano.

4.0 Lafuzzan saki na Hausa

4.1 “Na sake ki”

Wannan shi ne sarihin Hausa. Aikatau ɗin saki ɗan aji biyu ne, shi ya sa yake komawa sake a gaban wakilin suna. A baki babu ruɗani a cikinsa, amma a rubuce akwai. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ga shi kuwa na iri uku ne a wannan jimla. Akwai na mai dogon wasali da karin sama, na shuɗaɗɗen lokaci, wanda yake nuna aiki ya riga ya auku. Akwai na mai dogon wasali da karin faɗau, na lokaci mai zuwa na biyu, kamar a “Ci gaba da yi, na sake ki,” wanda barazana ce kawai. Akwai kuma gajeren na mai karin ƙasa, wanda Kanawa suke sawa a madadin in, kamar a “So kike na sake ki?” Na farko kaɗai ne saki. Duk ukun kuwa da haruffa iri ɗaya magatakardan kotu zai rubuta su.

Haka nan “Wallahi sai na sake ki.” Siffar jimlar ta shuɗaɗɗen lokaci ce, amma sai ta juya ta zuwa alwashi. Wanda ya faɗi haka bai yi saki ba. Rantsuwa ya yi, idan ya fasa sai ya yi kaffara. “Zan sake ki” ma alkawari ne, aure yana nan daram.

4.2 Sakaya zance

Bahaushe mai kunya ne, ba kasafai yake son ambaton abu mai nauyi da sunansa ba. Saboda haka lafuzzan kinaya suna da yawa. Ga kaɗan daga ciki:

Na sawwaƙe miki.
Na datse igiyata da ke kanki.
Na haƙura da ke.
Ba ni ba ke.
Tattara naki ya naki.
Tafi gidanku.
Je ki gida sai na neme ki.

Idan aka bi ƙa'idar Ƙarafi, biyun farko sun fi kusa da kinaya bayyananniya, domin duk Bakanon da ya ji miji ya faɗa wa matarsa haka, saki zai fahimta. Na uku zuwa na shida kuwa suna ɗaukar saki, suna ɗaukar fushi, don haka sai an tambayi mai maganar, an kuma duba abin da ya gabaci maganar da abin da ya biyo bayanta. Na ƙarshe shi ya fi cutarwa. A zahirinsa ba saki ba ne, tun da ya yi alkawarin nema. Amma mace takan shafe watanni a gidan iyayenta da wannan jimla, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba, ba ci ba sha daga miji, ba kuma damar sauraron wani.

Akwai kuma “Ke kamar uwata ce.” Idan girmamawa aka nufa babu komai. Idan haramtawa aka nufa ya zama zihari, wanda ba ya kashe aure, amma yana hana kusantar matar har sai an yi kaffarar da Suratul Mujadala ta ambata.

4.3 Saki mai sharaɗi

“In kika fita, a bakin aurenki.” Wannan jimla ta haɗa abu biyu, sharaɗi da kinaya. A Malikiyya sakin da aka rataya a kan sharaɗi yana aukuwa da zarar sharaɗin ya tabbata, kuma miji ba shi da ikon janye shi bayan ya furta. Tambayar da takan taso ita ce iyakar sharaɗin: fitar ranar aka nufa ko kowace fita, fita zuwa gidan biki ko har zuwa asibiti? A nan akan koma ga niyyar miji, idan babu sai a koma ga dalilin da ya jawo maganar, sannan ga al'adar gari.

4.4 Adadi

Bahaushe yana cewa aure igiya uku ne, daidai da aya ta 229 da ta 230 ta Suratul Baƙara. Saki na sunna shi ne guda ɗaya, a cikin tsarkin da miji bai kusanci matar ba, kuma kada a bi shi da wani har idda ta cika. Tara ukun a magana ɗaya bidi'a ce, Hausawa ma sakin wawa suke ce masa. Duk da haka mazhabobin nan huɗu sun tafi a kan cewa ukun sun auku. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, da almajirinsa Ibn Ƙayyim sun ce ɗaya ne, kuma wasu malaman zamani suna fatawa da haka. Wannan saɓani yakan sa miji ya yi ta zagaya zaurukan malamai har ya sami amsar da yake so, alhali mashahurin zancen mazhabar da kotu take bi shi ne uku.

Nanatawa ma tana da nata hukunci. Idan miji ya ce “Na sake ki, na sake ki, na sake ki,” uku ne, sai fa idan ƙarfafa maganar farko ya nufa. Nanata magana don ƙarfafawa kuwa ɗabi'ar Hausa ce sananniya. Amma idan ya ce “Na sake ki, na kuma sake ki,” ko “na ƙara,” to da'awar ƙarfafawa ta faɗi, domin kuma da ƙara sabon aiki suke nunawa. Ƙaramar kalma ɗaya ke nan take raba auren da za a iya gyarawa da wanda ya mutu murus. Bayan saki uku babu kome sai ta auri wani aure na gaskiya sun rabu. Auren kisan wuta, wanda ake shiryawa don a halatta ta ga na farko, ɓatacce ne a Malikiyya, ba ya halatta ta.

4.5 Takardar saki

Mutane da yawa sun ɗauka saki ba ya tabbata sai da takarda. Ba haka ba ne, takarda hujja ce kawai. Amma rubutu shi ma yana kashe aure. Idan miji ya rubuta yana mai ƙudurin saki, ya auku da gama rubutun ko da takardar ba ta isa ba. Idan ya rubuta yana shawara da zuciyarsa, ba ya aukuwa sai takardar ta kai ga matar. Idan kuwa ɗan aike ya tura da baki, ya auku tun daga lokacin aiken. Malamai da dama suna ƙiyasta saƙon wayar hannu a kan takarda, sai dai a nan akwai ƙarin aikin tabbatar da wanda ya rubuta.

5.0 Tambayoyin da aka fi yi

Ta farko ita ce ta fushi. Amsar Malikiyya ita ce sakin mai fushi yana aukuwa, domin da ma ba a saki cikin raha, sai fa idan fushin ya kai ga gushewar hankali har mutum bai san abin da yake faɗa ba. Wanda ya bugu da abin da aka haramta, mashahurin zance shi ne sakinsa ya auku. Sakin yaro da na mahaukaci da na wanda aka tilasta ba sa aukuwa. Tarihi ya nuna cewa an yi wa Imam Malik bulala a Madina a kan fatawarsa game da wanda aka tilasta.

Ta biyu ita ce ta saki cikin haila. Haramun ne, amma ya auku, kuma alƙali zai tilasta wa miji ya mayar da ita idan ba na uku ba ne. Sakin mai ciki kuwa halal ne kuma yana aukuwa, saɓanin abin da wasu suka ɗauka.

Ta uku ita ce ta yaji. Yaji ba saki ba ne komai daɗewarsa, biko kuma ba kome ba ne. Haka nan daɗewar miji a tafiya ba ta kashe aure da kanta, sai alƙali ya yi hukunci.

Ta huɗu, wadda ta fi kowace wuya, ita ce ta musu. Mace ta ce an sake ta, miji ya ce bai yi ba. A Malikiyya kafa shaidu a kan saki mustahabbi ne, ba sharaɗi ba ne, amma tabbatar da shi a kotu sai da shaidu biyu maza adalai. Idan ta kawo ɗaya, sai miji ya rantse ya kuɓuta, idan ya ƙi rantsuwa a tsare shi. Idan ba ta da ko ɗaya, maganarsa ake ɗauka. To ina mace za ta samo maza biyu adalai a cikin ɗakinta da tsakar dare? Littattafan sun ce wadda ta tabbata an yi mata saki uku kada ta ba shi kanta, ta fanshi kanta da abin da take iyawa. Ke nan ita za ta biya kuɗi a kan maganar da shi ya furta ya kuma musa.

6.0 Rabuwa ta hannun mace

Hanya ta farko ita ce hul'i, watau mace ta ba da wani abu miji ya sake ta. Asalinsa ƙissar matar Sabit bin Ƙais ce, wadda ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki. Saki ne yankakke, babu kome a cikinsa sai da sabon ɗaurin aure. Malikiyya ta yarda fansar ta yi daidai da sadaki, ko ta gaza, ko ta fi. Ta wannan ƙofa ce wasu maza suke shigo da lissafin lefe da toshi da ɗawainiyar biki. Sai dai akwai ƙa'idar da mata da yawa ba su sani ba: idan ta tabbata cutarwa ce ta sa ta fanshi kanta, sakin ya zauna, kuma a mayar mata da abin da ta biya.

Hanya ta biyu ita ce alƙali ya raba auren ba tare da ta biya komai ba. A nan Malikiyya ta fi sauran mazhabobi yalwa. Ga dalilan:

(a) Cutarwa bayyananniya, kamar duka ko zagi ko ƙaurace mata, ko da ba a tabbatar an maimaita ba. Ana karɓar shaidar ji, watau abin da ya bazu a bakin maƙwabta.

(b) Rashin ci da sha da tufafi. Alƙali zai ɗibar wa miji lokaci, idan ya kasa a raba.

(c) Ila'i, watau rantsuwar ƙaurace wa shimfiɗa. Wa'adinsa wata 4.

(d) Aibi, kamar hauka ko kuturta ko rashin iya saduwa. A wasunsu akan ba da shekara 1 ta neman magani.

(e) Ɓatan miji. Idan ya bar abin ciyarwa, sai ta jira shekara 4 bayan bincike sannan ta yi takaba. Idan bai bari ba, sai a raba saboda rashin ciyarwa.

Idan rigima ta yi tsanani aka rasa mai laifi, aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga kowane dangi. A Malikiyya suna da ikon raba auren ko miji bai yarda ba.

7.0 Bayan saki

Iddar mai haila tsarki uku ce, ta wadda ba ta haila wata 3, ta mai ciki haihuwa. Wadda ba a tare da ita ba babu idda a kanta, kuma rabin sadaki nata ne. A cikin iddar saki ɗaya ko biyu miji yana da ikon kome ba sabon sadaki, ta hanyar magana ko aiki tare da niyya. A nan ma lafazi ya dawo: “Na mayar da ke” bayyananne ne, amma “Ki dawo ɗakinki” sai an tambayi niyya. Idan idda ta cika bai yi kome ba, ya zama ɗaya daga cikin manema.

Aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta a cikin idda, kuma ciyar da ita yana kan miji idan sakin mai kome ne. Wadda aka yi wa yankakken saki tana da haƙƙin wurin zama, idan tana da ciki har da ciyarwa. Al'ada kuwa ta juya wannan baya. Da an furta saki sai a kira mota a kwashe kaya, mace ta yi idda a gidan ubanta da abincin ubanta. Hikimar zaman, watau zuciya ta huce a shirya, sai ta tafi a banza.

Haka abin yake ga riƙon 'ya'ya. A al'ada da an yaye yaro sai uba ya aiko a ɗauke shi, don kada ɗansa ya zama agola. A Malikiyya kuwa uwa ce ta fi cancanta da riƙon namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan mijinta, ciyarwa tana kan uba. Idan uwar ta auri bare, riƙo ya koma ga kakar yaro ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwar, kafin a zo ga dangin uba. Ɗan da bazawara ta haifa kuma ana danganta shi ga tsohon mijinta matuƙar bai wuce mafi tsawon zaman ciki ba, wanda mazhabar ta kai shi shekara 4 ko 5. Wannan batu na kwantaccen ciki yana cikin dalilan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta kafa da su ta wanke Amina Lawal a 2003.

8.0 Yunƙurin gyara

Ƙasashen Musulmi da dama sun ga haɗarin barin saki a kan lafazi tsagwaronsa. Masar ta yi doka a 1929 cewa saki uku a magana ɗaya guda ne. Tunisiya a 1956 ta ce babu saki sai a gaban kotu. Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta sa a 2004 cewa sai miji ya nemi izinin kotu, an gwada sulhu, ya kuma ajiye haƙƙin mata da 'ya'ya kafin a rubuta sakin.

A Kano, a Janairun 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu, ta shirya gangamin zawarawa don nuna halin da suke ciki, Hukumar Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin jiha ta fara auren zawarawa da ma'aurata 100, a Oktoban 2023 kuma aka ɗaura na 1,800. Cikin sharuɗɗan shirin akwai cewa kada ango ya yi saki sai da sanin Hisba. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya bayyana shirin dokar iyali wadda za ta tattara hukunce-hukuncen aure da saki wuri ɗaya, amma har aka sauke shi a Maris 2020 daftarin bai zama doka ba.

9.0 Kammalawa

An ga cewa hukuncin saki a birnin Kano yana rataye ne a kan maganar Hausa, a kan karin sautin na, da shigowar sai ko kuma, da yadda jama'a suke fahimtar kalma irin sawwaƙe. An kuma ga cewa haƙƙoƙin da Malikiyya ta ba mace, na zama a ɗakinta, da riƙon 'ya'yanta, da rabuwa ba fansa idan an cuce ta, sun fi abin da al'ada take ba ta nesa ba kusa ba. Inda take faɗuwa shi ne wajen hujja.

Abu biyu za su rage wannan ba tare da an taɓa mazhaba ba. Na farko, a raya kafa shaidu da rubuta saki da kome, da kwanan wata da adadi, a gaban mai unguwa ko limami, tun da shari'a da ma ta so haka. Na biyu aikin masana Hausa ne. Ana bukatar a tattara lafuzzan saki da na kome kamar yadda ake faɗarsu a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, a bayyana ma'anar kowanne a wurin masu shi, a kuma koya wa magatakardan kotu nuna karin sauti a inda ma'ana ta rataya a kansa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Tun da ba ta komawa, wajibi ne a san ainihin wadda aka zara kafin a yanke hukunci a kanta.